RUWA ƊAYA NE, RIGARSA UKU

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, tsohon malamin lakkol, ya yi a taron ƴan gida da ƴan ci-rani. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba.)

Dattawanmu, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da muƙarrabansa, ƴan uwa da suka zo daga Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da waɗanda suka sauko daga bakin teku, ina gaishe ku, ina yi muku barka da hanya.

An saba in an ba ni magana a wannan taro, sai in yi batun kuɗin ƙungiya ko gyaran rijiya. Yau ina neman izinin dattawa in yi magana a kan wani abu da za a ga kamar ƙarami ne, wato yadda za mu koya wa yara ƙanana sanin ruwa a gida. Kada wani ya ce, wa bai san ruwa ba? Ku yi haƙuri ku saurare ni.

ABIN DA YA SA NA ƊAUKO MAGANAR

Wani azumi na sauka gidan wani ɗan uwa a Yamai. Da magariba ta kusa, uwargida ta buɗe firigo, ta tarar da kwalbar ruwa ta fashe. Nan take aka kama wata yarinya ƴar riƙo, ƴar shekara tara, wadda aka kawo daga ƙauye, aka ce ita ta fasa. Yarinya na rantsuwa, ana ce mata maƙaryaciya, har ta sha mari. Da na duba kwalbar, sai na ga an cika ta ne maƙil, an ɗaure murfi tam, an sa ta wurin da ke daskarar da ruwa. Ba wanda ya taɓa ta. Ruwan ne da kansa ya fasa ta, domin ruwa in ya daskare kumbura yake yi. A gidan nan akwai mutum uku da suka yi lakkol. Dukansu sun karanta wannan a aji, sun rubuta a jarrabawa, sun ci. Amma da abin ya faru gabansu, ba wanda ya gane shi.

Na yi shekaru ina riƙe da alli, laifin nan har da ni. Mukan rubuta a allo da Faransanci cewa ruwa yana da kama uku, yara su maimaita, su haddace. Wata rana na tambayi wanda ya fi kowa hadda a ajina, da Hausa: «In uwarka ta shanya wanki, ina ruwan yake tafiya?» Ya yi shiru, can ya ce rana ce ta shanye. Karatun yana cikin kayensa, bai shiga kansa ba. Tun 1973 aka fara gwada koyar da yara da Hausa a Damagaram saboda irin wannan matsala. To, amma ko lakkol ta yi iyakar ƙoƙarinta, yaro ya fi daɗewa a tsakar gida. Kuma kayan wannan karatu duk suna nan: randa, tukunya, murfi, faifai, butar shayi. Da yawa daga cikinmu muna barin ɗiyanmu hannun uwayensu da kakanninsu wata bakwai ko takwas a shekara. Su ne malaman farko, da su nake magana musamman.

Ga abin da ake so yaro ya gane, a taƙaice. Ruwa ɗaya ne, amma yana da riga uku. In sanyi ya yi yawa, sai ya daskare ya zama ƙanƙara. In yana tsaka-tsaki, shi ne ruwan da muke sha. In ya samu zafi, sai ya zama tururi ya shiga iska. Abin da ke sa shi sake riga shi ne ƙarin zafi ko ragin zafi. Kuma ba ya ɓata, wuri yake sakewa.

RIGA TA FARKO: ƘANƘARA

Kakanninmu ba su san firigo ba, amma sun san ƙanƙara, wadda ke faɗowa tare da ruwan sama ta yayyaga ganyen hatsi. Sunanta ne muka ba wadda ake sayarwa a leda. Abu ɗaya ne. Can sama, cikin hadari, akwai sanyin da ya fi na firigo. Ruwa yana daskarewa ne in ma'aunin zafi ya sauka digiri 0. A garinmu sanyin hunturu ba ya kaiwa nan, amma a duwatsun Abzin, wajen Bagzan, inda tsawon dutse ya wuce mita 2,000, yakan kai da dare.

Ku fara da abin da yaro ya riga ya sani. Man shanu da man kaɗe sukan daskare da sanyin safiya, in rana ta ɗaga su narke. Ku ce masa ruwa ma haka yake, sai dai shi yana bukatar sanyi mai tsanani.

Ranar kasuwa, ko cikin azumi, in an sayo ƙanƙara, a ɓantari kaɗan a ɗora wa yaro a tafin hannu. A tambaye shi: me kake ji? Mene ne ke ɗiga? Daga ina ya fito? A bar shi ya ga ta ƙanƙance har ta ƙare. Sannan a gaya masa zafin hannunsa ne ya shiga cikinta ya narkar da ita, shi ya sa hannun ya yi sanyi.

Sai a ɗauki guda biyu masu girma ɗaya. A naɗe ɗaya cikin tsumma mai kauri, a bar ɗaya a fili cikin kwano. A tambayi yara wadda za ta riga narkewa. Yawancinsu za su ce wadda aka lulluɓe, domin sun san bargo da ɗumi. In aka buɗe, za su tarar ta fili ce ta narke. Tsumma ba ya kawo zafi, tare shi yake yi. In ka lulluɓa, yana hana zafin jikinka fita. In an lulluɓe ƙanƙara, yana hana zafin gari shiga. Dalilin ke nan da masu tallar ƙanƙara ke naɗe ta cikin buhu.

Masu firigo a birni, ga naku. A samu gorar roba, kada a sa kwalba. A zuba ruwa bai cika ba, yaro ya yi alama daidai bakin ruwan. A daskarar. Da safe zai ga ƙanƙara ta wuce alamarsa: mudu goma na ruwa yana komawa kusan mudu goma sha ɗaya na ƙanƙara. In ta narke, ruwa ya dawo kan alama, ba ƙari ba ragi. Saboda wannan kumburi ne ƙanƙara ke yawo bisa ruwa ba ta nutsewa, kuma shi ya fasa kwalbar da aka mari yarinyar nan a kanta.

RIGA TA BIYU: RUWAN DA MUKE SHA

Wannan ba ya bukatar dogon bayani, amma akwai abu guda da ƙananan yara ke ruɗewa a kai. A auna ludayi uku a zuba a faranti, a auna uku a zuba a kofi mai tsawo. A tambayi ɗan shekara huɗu ko biyar wanne ya fi yawa. Zai nuna kofi, domin ruwan ya fi tashi sama. Kada a yi masa dariya. A bar shi ya mai da ruwan cikin ludayi da hannunsa, yana ƙirgawa. A hankali zai gane cewa ruwa ba shi da siffar kansa, siffar mazubinsa yake ɗauka, kuma yawansa bai sake ba. Wanda ya gane haka tun yana ƙarami, ba a cutarsa da mudu a kasuwa.

RIGA TA UKU: TURURI

Nan ne wahalar take, domin ainihin tururi ido ba ya ganinsa. In ana dafa shayi, ku sa yaro ya tsaya nesa kaɗan ya dubi bakin buta. Dab da bakin akwai ɗan fili da ba a ganin komai, sai gaba kaɗan farin abu kamar hayaƙi ya bayyana. Wurin da ba a ganin komai, nan tururin gaskiya yake. Farin abin nan kuwa tururi ne da ya gamu da iska ya huce, ya koma ƙananan ɗigon ruwa. Girgijen da ke sama ma haka yake, ɗigon ruwa ne ƙanana ƙwarai, wasu ma ƙwayoyin ƙanƙara.

Iyayenmu mata, ku ne gwanayen wannan darasi. In kin ɗaga murfin tukunya, kin ga ruwa na ɗiga daga cikinsa. Ki kira yaro ki tambaye shi: wa ya jiƙa murfin nan, alhali ruwa yana can ƙasa? In kina turara dambu, ki nuna masa ruwa yana tukunyar ƙasa, tsaki yana madambaci a sama, ba su taɓa juna ba, amma dambu ya nuna. Wa ya hau ya dafa shi?

Ruwa yana tafasa a digiri 100, ko ƙasa da haka kaɗan a wuri mai tudu. Lita ɗaya in ta zama tururi duka, tana cika wurin lita kusan 1,700. Shi ya sa murfi ke rawa bisa tukunya. Kuma ga abin da zai amfani kowane gida: in ruwa ya riga ya tafasa, ko an ƙara icce goma zafinsa ba ya ƙaruwa. Wutar da aka ƙara tana tafiya ne wajen mai da ruwan tururi. Saboda haka in tukunya ta tafasa, a rage wuta, a rufe murfi. Wake zai nuna a lokacinsa, icce ya yi saura. Kun san nisan da ƴan matanmu ke yi neman icce yanzu.

Amma ba sai ruwa ya tafasa yake tashi ba. Kullum yana tashi a hankali, daga wanki, daga tabki, daga jikinmu. A samu kwano biyu, a zuba ruwa daidai, a rufe ɗaya da faifai, a bar ɗaya buɗe, a aje su a rana inda kaji da awaki ba za su kai ba. Kowace yamma yaro ya auna da tsinke. Wata rana kuma a gwada faranti mai faɗi da kofi mai ƙaramin baki. Zai gano da kansa cewa rana, da iska, da faɗin wuri su ne ke sa ruwa saurin ƙafewa.

Sai a juya tambayar. In an aje leda mai sanyi ta soɓo a kan faranti, jikinta yakan yi raɓa. Yaro zai ce ledar ce ke yoyo. A ba shi farin ƙyalle ya shafa. Soɓo ja ne, abin da ya shafo fari ne tas. To, daga ina? Daga iska. Tururin da ke yawo cikin iska ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa. Da damina ledar takan jiƙe sharkaf, da hunturu da ƙyar take yin laima, domin iskar hunturu busasshiya ce, ita ce ke fasa mana leɓe da ƙafa. Raɓar da ke kwana bisa ganyen wake da kaka, ita ma haka take samuwa.

RANDA DA SALKA

Me ya sa ruwan randa ya fi na bido sanyi? Randa ƙasa ce, tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana naso ta nan, ya fito bayanta, ya tashi. Kuma ruwa ba ya tashi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi, zafi mai yawa. Zafin da ake bukata a mai da tafasasshen ruwa tururi ya fi ninki biyar na wanda ake bukata a kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. To, zafin da nason randa ke ɗiba, daga ruwan cikinta yake ɗibarsa. Haka salkar Buzu take aiki, haka direba ke naɗe bido da jiƙaƙƙen buhu, haka zufa ke sanyaya jikin manomi. A jiƙa bayan hannun yaro ɗaya, a bar ɗaya busasshe, a yi masa fifita da faifai, zai faɗa muku wanda ya fi sanyi.

Wani malami a jihar Jigawa ta Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan sani na uwayenmu, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da yalo da kan lalace cikin kwana biyu ko uku sai suka riƙa daɗewa. Ya yaɗa abin a ƙauyuka, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Ba wutar lantarki, ba inji. Yaro ɗan shekara goma yana iya haɗa irinta a gida.

DAGA TSAKAR GIDA ZUWA GONA

Ƴan uwa, ba don jarrabawa kaɗai nake wannan magana ba. Ƙasarmu tana zaune ne tsakanin ruwan da ke sauka da ruwan da ke tashi. Wajen Maraɗi ruwan sama na shekara bai wuce milimita 500 da wani abu ba a matsakaiciyar damina, wato kusan rabin mita. Damagaram da Tawa ba su kai haka ba. Amma ruwan da ke kwance a fili, rana da iska suna iya ɗauke fiye da mita 2 daga kansa a shekara. Shi ya sa tabki mai faɗi marar zurfi ke ƙafewa tun kafin bazara, rijiya mai ƙaramin baki kuwa ta kai mu wata damina. Darasin faranti da kofi ke nan. Tabkin Cadi a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984, da kogunan da ke ciyar da shi suka ragu, abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, ko da yake daga baya ya ɗan farfaɗo. Dattawan da ke nan sun ga waɗannan shekaru da idonsu.

Yaron da ya yi wasan kwano biyu, in ya girma ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan me ya sa ake ban ruwan lambu da yamma ko da sassafe, me ya sa ake barin kara kwance a gona, me ya sa ƙasar gindin gawo ta fi daɗewa da laima.

Ku da kuka je Kwatano, da Lome, da Abijan, kun ga teku, wasunku sun ɗanɗana sun tofar. Ku gaya wa ɗiyanku cewa da yawan ruwan da ke sauka a gonarmu daga can ya taso. Rana ta ɗaga shi tururi, iskar damina mai busowa daga kudu maso yamma ta kawo shi, ya hau sama ya huce ya zama girgije. Hadarin kansa kuwa yawanci daga gabas yake taso mana, kamar yadda kowane manomi ya sani. Yaro mai wayo zai ce: to, ina gishirin? A narka gishiri cikin ruwa kaɗan, a zuba a faranti, a sa a rana. Ruwa zai tafi, gishiri ya zauna. Haka mutanen Bilma da Fashi ke samun gishirin da ake yin kantu da shi: ruwan gishiri cikin ramuka, rana ta yi sauran aikin.

In ana so yara su ga damina cikin kwano, a zuba ruwan tabki a babban kwano, a aje ƙaramin kofi a tsakiya, a rufe da farar leda a ɗaure, a ɗora ɗan dutse bisa ledar daidai kan kofin, a sa a rana. Zuwa la'asar za su ga ɗigo na taruwa jikin leda, yana gangarawa cikin kofi, garau, laka ta zauna ƙasa. Wannan na kallo ne, ba na sha ba.

GARGAƊI

Abu uku nake roƙo. Na ɗaya, duk abin da ya shafi wuta, babba ne ke riƙewa, yaro kallo ne nasa. Ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, saboda zafin nan mai yawa da ya ɗauka, in ya taɓa fata a nan yake sauke shi. A ɗaga murfi ta gefen da ba kowa. Kada a toshe gwangwani ko kwalba a ɗora a wuta, fashewa za ta yi. Na biyu, kada a sa wa jariri gutsuren ƙanƙara a baki, yana iya shaƙe shi. Na uku, a gaya wa yara cewa sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. In da ruwa marar tsabta aka yi ƙanƙara, cutar tana ciki. Tafasawa ce ke kashe su: ruwa ya tafasa sosai na minti ɗaya, a rufe shi ya huce. Mun ga abin da amai da gudawa ya yi a yankin Maraɗi a 2018, da kuma 2021.

YADDA ZA A BI DA YARO

Ba a bukatar allo ko bulala. Ɗan shekara uku zuwa biyar, a bar shi ya taɓa, ya zuba, ya faɗi sunan abu. Ɗan shida zuwa takwas, a tambaye shi tukuna me yake tsammani zai faru, sannan a gwada. Wanda ya fi haka, a ba shi tsinke ya auna, ya riƙa sa alama kullum. Darasi ɗaya ya isa a mako. In ya yi kuskure kada a kushe shi, a ce mu gwada mu gani. Gani ya kori ji. In ya yi tambayar da ta fi ƙarfinku, ku ce ya kai wa malaminsa gobe, ya dawo ya gaya muku. Kuma kada a ware ƴan mata. Su ne suka fi kusa da randa da murhu, sau da yawa su ke riga maza ganewa.

Kaka ba ta bukatar sanin boko kafin ta yi wannan. Ta san randa ta fi ni. Abin da ya rage kawai shi ne ta riƙa cewa jikanta: «Zo ka gani. Me ya sa?» Ku kuma ƴan ci-rani, in kun kira gida ta waya, bayan kun tambayi lafiya da hatsi, ku ce a ba ku yaro, ku tambaye shi kwano nawa ya auna, wanne ya riga ƙafewa. Zai san ubansa ya damu da kansa, ba da cikinsa kaɗai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yarinyar nan ta Yamai, washegari na sa ta cika gorar roba, ta yi alama da hannunta, muka daskarar, aka kira mutanen gida suka gani. Uwargida ta ba ta haƙuri, abin da ba kowace babba ke yi ba, na kuwa yaba mata.

Ina ba da shawara, in dattawa sun yarda, a taro mai zuwa kowane gida ya zo da yaro ɗaya da zai nuna mana abu guda daga cikin waɗannan da bakinsa, da Hausa. In na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya.